Ingarman Haya: Yadda Manoman Ostireliya Suka Samar da Dawakin Garma a Zamanin Mulkin Mallaka

A shekarun ƙarshe na ƙarni na 19, duk wanda ya buɗe jaridar wata alƙarya ta manoma a Victoria ko New South Wales cikin watan Satumba, zai tarar an cika shafi guda, wani sa'in ma har da ɗoriya, da tallan ingarmu. Masu dawakin suna sanar da jama'a ne cewar ingarma kaza zai zagaya gunduma a kakar bana domin barbarar goɗiyoyin manoma. Akan faɗi sunansa da launinsa da tsayinsa, a jero sunan ubansa da kakansa har can ƙasar Sikotlan, a ambaci kyaututtukan da ya ci a wuraren nunin amfanin gona, sa'an nan a bayyana hanyar da zai bi da ranar da zai kwana a kowane ƙauye, daga ƙarshe a faɗi kuɗin barbara. Manomi kan karanta wannan shafi da natsuwa, domin kuwa zaɓin da zai yi a wannan wata shi ne zai nuna irin ƙarfin da gonarsa za ta samu bayan shekaru huɗu.

Kamar yadda aka sani, nahiyar Ostireliya ba ta da doki kafin zuwan Turawa. Dawakin farko sun iso ne a 1788 tare da ayarin jiragen ruwan da ya kawo fursunonin Birtaniya, kuma a birnin Cape Town aka saye su a kan hanya. Ƙanana ne na hawa, saboda haka shekaru da dama shanu ne ke jan garma da amalanke. Al'amarin ya fara sakewa ne bayan da aka gano zinariya a 1851, jama'a suka yi ta kwarara, bukatar sufuri da abinci ta ninka. Daga 1861 kuma aka shiga kafa dokokin da suka bai wa talaka damar zaɓen fili ya biya da kaɗan-kaɗan, filin da tun farko ƙwace shi aka yi daga hannun 'yan asalin nahiyar. Waɗannan ƙananan manoma su ne suka buɗe gonakin alkama, kuma sa ya yi musu nawa ainun, musamman da aka ƙago garmar da ke tsallake kututture a 1876 a kudancin ƙasar, kana injin girbi na H. V. McKay ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1880. Irin waɗannan injuna sai da dawaki masu nauyi da saurin taku, shida, takwas, har goma a jere.

An shigo da jinsuna daban-daban daga Birtaniya, ciki har da Shire da Suffolk, amma wanda ya yi zarra shi ne Clydesdale, ɗan asalin kwarin kogin Clyde a Sikotlan. Doki ne mai farin goshi da fararen ƙafafu, gashi ya sauko ya rufe masa kofato, nauyinsa kan kai kilo 800 ko fiye. Dalilin fifikonsa bai rasa nasaba da yawan 'yan Sikotlan da suka yi ƙaura zuwa Victoria da kuma yankin Otago na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda suka zo da son dokin garinsu, suka kuma zo da tsarin da suka gada na haya. A can gida, manoman gunduma kan haɗu su kafa ƙungiya, su zaɓi ingarma guda a wurin nuni, su ba mai shi lada a kan sharaɗin zai zagaya da shi gonakinsu tsawon kaka. Akwai rubutattun bayanai a kan haka tun daga 1837. Hikimar a fili take. Manomi mai goɗiya biyu ko uku ba shi da halin sayen ingarma, in ma ya saya ba shi da aikin da zai ba shi, ga ci kamar gara, ga wuyar sha'ani. Ingarma ɗaya kuwa ya ishi goɗiyoyi tamanin ko ɗari a kaka guda.

Nauyin aikin duka a wuyan mutum ɗaya yake, wato mai jan ingarman. Daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen shekara yana bisa hanya, ko dai a ƙasa riƙe da ragama, ko a kan wani ɗan ƙaramin doki yana jan babban a gefe, cikin ƙura da zafin rana, daga wannan gona zuwa waccan. Dare ya yi su sauka a bargar wani masauki ko gidan manomin da aka yi alkawari da shi, ya share dokin, ya wanke gashin ƙafafunsa, ya ba shi yankakkiyar ciyawa da hatsi, kafin shi ya sa wani abu a bakinsa. An tsara zagayen ne ta yadda za su riƙa komowa kowane zango a kai a kai, saboda goɗiya kan nemi namiji ne kusan bayan kowane mako uku, wadda ta haihu kuma takan nema bayan kamar kwana tara. In ba ta ɗauka a zuwan farko ba, sai a sake gwadawa a na gaba. Shi ne ke gane goɗiyar da ta shirya da wadda za ta yi harbi, shi ne ke rubuta suna da rana a ɗan littafinsa, kuma shi ne ke kai labarin wannan ƙauye zuwa wancan, abin da ya sa ake marhabin da shi ko a gidan da babu goɗiya. Yana da ɗan hasafinsa na daban, 'yan sulalla da mai goɗiya ke miƙa masa a ranar farko.

Kuɗin barbarar kansa yawanci tsakanin fam biyu ne zuwa huɗu, a zamanin da ɗan ƙodagon gona ke samun kimanin fam guda a mako ban da ci da kwana. A nan ne rigingimu ke tasowa. Wasu masu ingarmu kan ce a biya a farkon watan Janairu ko goɗiya ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, wasu su raba kuɗin biyu, rabi a ƙarshen kaka, rabi idan ciki ya tabbata. Kusan kowace talla tana ɗauke da gargaɗin cewar wanda ya sayar da goɗiyarsa ko ya yi musanyarta kafin lokaci to zai biya kuɗi cif, kamar dai ta ɗauka. Waɗanda ke nesa da hanya sukan kai goɗiyoyinsu su bari a makiyayar mai ingarma, shi kuwa ya riga ya rubuta a jarida cewar za a kula da su iyakar iyawa, amma in wani abu ya faru ba ruwansa. Duk wanda ya san halin ciniki ya san wanda irin wannan sharaɗi ke karewa.

Amma asarar kuɗin barbara ƙarama ce idan aka kwatanta da asarar lokaci. Goɗiya na ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya, kuma a makonnin ƙarshe dole a sauke ta daga aiki. Ɗan da ta haifa sai ya shekara uku kafin a fara sa masa kayan garma, sai ya kai biyar ƙarfinsa ke cika. Matsalar ita ce wasu cututtukan da ake gado ba sa bayyana da wuri. Akwai ƙandarewar guringuntsin da ke gefen kofato, akwai tsiron ƙashi a wuyan ƙafa, akwai ciwon maƙogwaro da ke sa doki gurnani in ya ja kaya, akwai kuma karkarwar ƙafafun baya. Ingarma na iya fitowa fili yana sheƙi, an yi masa kitso da ƙyalle mai launi a geza, an ciyar da shi har ƙiba ta rufe aibinsa, ya baza wannan aibi a gunduma baki ɗaya kafin kowa ya farga. Manomin da ya zaɓi mai arha domin ya tsimi fam guda, sai bayan shekaru huɗu ya ga gurgu a gaban garmarsa, ga bashin fili bai gama biya ba.

Wannan ne ya sa hukuma ta sa baki, ko da yake a makare. Bayan haɗewar yankunan mulkin mallakar shida zuwa tarayya a 1901, jihar Victoria ta fara tura likitocin dabbobi suna duba ingarmu suna ba da takardar shaidar lafiya daga 1907, da farko ga wanda ya ga dama, daga baya aka mayar da shi doka. Ita ma Birtaniya ta kafa tata dokar a 1918, wadda ta hana yawo da ingarma domin haya sai da lasisi. A wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar masu kiwon Clydesdale ta tarayyar Ostireliya, shekaru arba'in da ɗaya bayan uwar ƙungiyar ta Sikotlan, wadda aka kafa a 1877.

Domin a fahimci irin dukiyar da ke cikin wannan sana'a, sai a dubi labarin wani ingarma mai suna Baron of Buchlyvie. Wasu makiyaya biyu na Sikotlan, William Dunlop da James Kilpatrick, sun yi ta shari'a a kan mallakarsa har gaban Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Da aka tabbatar cewar na su biyu ne, sai aka yi gwanjonsa a garin Ayr a watan Disamban 1911, Dunlop ya saye shi a kan fam 9,500, kuɗin da ba a taɓa biya wa dokin garma ba. Shekaru uku bai cika ba wata goɗiya ta harbe shi ta karya masa ƙafa, ala tilas aka kashe shi. Ƙwarangwal ɗinsa na gidan tarihi na Kelvingrove a birnin Glasgow. Ɗansa Dunure Footprint kuwa ana biyan fam 60 kafin barbara, a ƙara wasu 60 in ciki ya tabbata, har ana cewa a tsakiyar kaka duk bayan sa'o'i biyu ake kawo masa goɗiya. Kasuwannin ƙetare na daga cikin abin da ke hura wannan wuta. A 1911 kaɗai an fitar da dawaki 1,617 na wannan jinsi daga Sikotlan, kuma tsakanin 1884 da 1945 an ba da takardun fitarwa 20,183, zuwa Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan da sauransu.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya tambayar ko me ya sa Turawan ba su kawo mana irin wannan doki ba. A wurinmu doki na sarauta ne da yaƙi da hawan salla, kuma ƙaton dokin ƙasar sanyi ba zai jure zafi da cututtukan dawaki na Afirka ba. Shi ya sa da jami'an gona suka fara koya wa manoman Arewacin Nijeriya huɗa da dabba a 1928, garmar shanu suka kawo.

Yawan dawaki a Ostireliya ya kai ƙololuwarsa a 1918, kusan miliyan biyu da rabi. Tarakta ta fara shigowa a shekarun 1920, sai dai karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta mayar da manoma da dama ga doki, tun da abincinsa a gona yake tsirowa, man tarakta kuwa sai da tsabar kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu ne abin ya ƙare, kuma cikin hanzari. Ƙananan taraktoci irin na Ferguson suka cika ƙasa, samarin da suka dawo daga fagen fama ba su da sha'awar tashi da asuba domin ciyar da dawaki goma, aka yi ta kai lafiyayyun dabbobi mayanka. A 1975 wata ƙungiyar kare jinsunan dabbobin gida ta Birtaniya ta sa Clydesdale cikin jerin waɗanda ake fargabar ɓacewarsu.

Waɗanda suka rage a Ostireliya suna hannun masu sha'awa ne, ana fito da su a wuraren nunin amfanin gona da gasar huɗa. Su kuwa tsoffin tallace-tallacen, ɗakin karatu na ƙasar ya ɗora jaridun a intanet a rumbunsa mai suna Trove tun daga 2009, inda makiyayan yau ke shiga suna bin salsalar dawakinsu, suna ganin ƙauyukan da kakannin dawakin suka kwana da kuma kuɗin da aka biya.