Yadda Masanin Kimiyya Yake Aiki a Jami'a

Aikin masanin kimiyya a jami'a ya kasu gida uku: koyarwa, bincike, da rubutu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, wuri ne da ake ganin wannan a fili.

A can, damina ce ke tsara wa mai binciken irin shuka shekararsa. Da sassafe yake shiga gonar gwaji, inda aka yanka ƙananan fulotai, kowanne da lambarsa. Idan yana son haɗa irin wake biyu, sai ya sa hantsaki ya buɗe furen da bai tashi buɗewa ba, ya cire ɓangaren namijin, ya shafa masa garin furen ɗayan irin, sannan ya ɗaura masa alama. Da yawa daga cikin furannin kan zube ba su yi kwasfa ba, sai a sake. Ranar da shuka ta yi fure, tsawonta, nauyin abin da aka girbe, duk sai an rubuta nan take, domin a wannan sana'a abin da ba a rubuta ba tamkar bai faru ba ne. Irin waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwasfa, an yi kusan shekara goma ana gwada shi kafin a sake shi ga manoma a 2019.

Da rana sai aji, da duba kundin ɗaliban digiri na biyu da na uku.

Rubutu kuwa ya fi cin dare. Sakamakon bincike ba ya karɓuwa sai an aika da shi wata mujallar ilimi, wasu masana biyu ko uku, waɗanda galibi ba a faɗa wa mai binciken sunayensu, su yi masa tankaɗe da rairaya. Sukan nemi gyara, sukan kuma ƙi shi gaba ɗaya. Da waɗannan maƙaloli ake auna malami wajen ƙarin girma har zuwa farfesa, abin da kan sa wasu fifita yawa a kan inganci. Kuɗin binciken ma da rubutu ake nemansa, daga asusun TETFund ko masu tallafi na ƙasashen waje, kuma wani kaso nasa kan tafi wajen man janareta, don kada samfuran da ke cikin firji su lalace idan an ɗauke wuta.