"Se queda": kalmar Sifaniyanci da ta bar 'yan Barca da cizon yatsa

Waɗanda ba su samu damar sauraro ba, ga shi nan a rubuce.

'Yan Barca, yau sai dai ku yi haƙuri, zan fama muku tsohon gyambo. A watan Yulin 2017, ana ta raɗe-raɗin Neymar zai bar Barcelona, sai Gerard Piqué ya wallafa hotonsu tare, ya rubuta kalma biyu kacal: "Se queda." Wato yana nan, ba inda za shi. Magoya baya suka yi ta murna. Ko sati biyu ba a yi ba, PSG ta zube Yuro miliyan 222 ta ɗauke shi zuwa Faransa.

To wannan kalmar ce darasinmu na yau: quedar. Ana furta ta "kedar", domin a Sifaniyanci qu tana ba da sautin k ne, ba a jin u ɗin.

Kun san yadda "ci" take a Hausa? Mutum ya ci tuwo, ya ci jarrabawa, ya ci bashi, ya ci amana. Baƙon da ya haddace cewa "ci" na abinci ne kawai, ai zai sha wuya. To haka quedar take. Amma akwai dabarar kama ta. Asalinta daga Latin ne, quietare, wato lafawa ko natsuwa. Saboda haka duk inda ka ji ta, ka tambayi kanka: bayan ƙura ta lafa, me ya rage, a ina ya tsaya, kuma a wane hali?

Mu fara da mafi sauƙi, wato "saura". Idan mai sharhin La Liga ya ce quedan cinco minutos, yana nufin saura minti biyar. Queda un partido, saura wasa ɗaya. Ka lura, abu ɗaya queda, abu da yawa quedan. In kuma wata ya yi nisa aljihu ya bushe, sai ka ce no me queda dinero, ba sauran kuɗi a wurina.

Na biyu shi ne na Piqué. Idan aka maƙala mata me, te ko se, ta zama quedarse, ma'anar ta koma tsayawa a wuri. Me quedo en casa, ina gida, ba zan fita ba. Quédate, ka tsaya, kar ka tafi.

Yanzu ku buɗe kunne, don nan ne mai koyo yake zamewa. A Sifaniya, idan aka cire wannan 'yar ƙaramar kalmar, quedar tana nufin sa lokacin haɗuwa. Aboki ya turo maka ¿quedamos a las ocho? Ba cewa ya yi ku zauna har ƙarfe takwas ba, tambayarka yake ko za ku haɗu ƙarfe takwas. In ka fahimce shi a baibai ka miƙe ƙafa a ɗaki, shi yana can a tsaye yana duba agogo. Duba bambancin: quedé con Pablo, mun yi da Pablo za mu haɗu. Me quedé con Pablo, na tsaya tare da Pablo. Harafi biyu ne tsakani, amma in ganawar neman aiki ce, su ne za su sa ka samu ko ka rasa. Shi ya sa in magana ta cakuɗe za ka ji an ce ¿en qué quedamos? Wato to, a kan me muka tsaya?

Wanda ya saɓa irin wannan alƙawarin, sai a ce quedó mal, ya ji kunya, mutuncinsa ya zube a idon mutane. Quedar bien kuwa shi ne fita kunya. Da kaya ma haka ake yi. Ka sa sabuwar riga aka ce te queda bien, ta yi maka kyau ke nan. Me queda grande, ta yi mini yawa.

Sai con da sin, wato "da" da "babu". A shago ka gama dubawa ka ce me quedo con este, mai shago zai fara naɗe maka, don ka ce wannan za ka ɗauka. Quédate con el cambio, riƙe canjin. Me quedé sin batería kuwa kowa ya san zafinsa: caji ya ƙare ana tsaka da hira.

Ana tambayar wuri da ita, musamman a Latin Amurka: ¿dónde queda la estación? Ina tasha take? Ana kuma faɗin sakamako. ¿Cómo quedó el partido? Nawa aka tashi wasan? A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, España quedó campeona, Sifaniya ce ta tashi da kofi.

Shawarata ita ce, kar ka zauna kana haddace ma'anoni kamar karatun jarrabawa. Ka riƙa sauraron abin da ke gefen kalmar. Akwai me ko se? Con ne ya biyo baya ko sin? Lokaci aka ambata ko wuri? Maƙwabtanta ne za su gaya maka wace quedar ce ta zo.

Kafin mu rufe, ga tsaraba daga bakin matasan Sifaniya. Idan suka ga kamar kana musu wasa da hankali, sai su ce ¿te estás quedando conmigo? Wato zolayata kake yi? Don haka ɗan Barca zai iya cewa Piqué se quedó con nosotros, kuma ta kowace fuska ya faɗi daidai: Piqué ya zauna da su har 2022, sannan a zancen Neymar ya yi wasa da hankalinsu.

A wasan da za ku kalla na gaba, in kun samu mai sharhin Sifaniyanci, ku ƙirga sau nawa zai ce queda ko quedan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.