Susar Ɗan Kwikwiyo: Ƙuma ce, Ƙazwa ce, ko Borin Jini?

 Yau shirinmu na lafiyar dabbobi zai leƙa wurin mafarauta, da rugagen makiyaya, da gidajen birni inda ake ajiye kare don gadi, domin duba matsalar da ta addabi masu renon 'yan kwikwiyo: ƙaiƙayin da ke hana ɗan kwikwiyo barci, ya yi ta susa da cizon jikinsa har gashi ya zube, fata ta yi jini.

A birane irin su Kano da Kaduna, wanda ya sayi ɗan kwikwiyo ɗan ƙasar waje da tsada, da ya ga susa sai ya ce alaji ne, wato borin jini, ya canza masa abinci. A karkara kuwa, mai kare yakan ɗebo baƙin man mota ya shafe shi da shi. Su duka biyun sun yi gaggawa. Likitan dabbobi da ya san aikinsa ba da magani yake farawa ba, tambaya yake fara yi: watan ɗan kwikwiyon nawa, kuma a wane sashe na jiki yake susar?

Dalilin tambayar watanni shi ne, borin jinin da ƙura ko ƙurar furanni ke jawowa ba ya saurin bayyana. Sai jiki ya daɗe yana cuɗanya da abin kafin ya fara ƙin sa, shi ya sa galibi yakan fito ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 3. Saboda haka idan ɗan wata 2 ko 3 ne ke susa, ƙwari ne abin zargi na farko, har sai an tabbatar ba su ba ne.

Ƙuma ce kan gaba. Mace ɗaya takan saka ƙwai 40 zuwa 50 a yini, ƙwan kuma ba ya zama a jikin kare, zubewa yake yi a shimfiɗarsa da tsagar ƙasa da lungunan ɗaki. Masana sun ƙiyasta cewa ƙumar da ake gani a jikin dabba kashi 5 ce kacal cikin 100, sauran suna nan a muhalli, ƙwai da tsutsa. Wannan ne ya sa mutum zai wanke karensa tas, bayan mako guda susa ta dawo, ya ce maganin jabu ne. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. A tsayar da ɗan kwikwiyo a kan farar takarda mai ɗan laima, a taje gashinsa. Idan baƙin abu ya zubo kamar garin masoro, sannan ya narke ya koma ja, to kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ke nan. Wasu karnukan jikinsu ba ya shiri da yawun ƙuma ko kaɗan; cizo ƙalilan ya isa ya sa su tsige gashin gadon baya da gindin wutsiya. Ga jaririn kwikwiyo kuma haɗarin ya wuce ƙaiƙayi, domin ƙuma mai yawa tana iya shanye masa jini. A ɗaga leɓensa a duba dasashi: idan ya yi fari fat, asibiti za a nufa ba tare da jinkiri ba.

Sai ƙazwa, wadda ta fi kowanne zafin ƙaiƙayi. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, Sarcoptes, ke huda fata yana yin rami yana saka ƙwai a ciki. Yana da wuraren da ya fi so: gefen kunne, gwiwa, da ƙasan ciki, inda gashi bai yi yawa ba. Likitoci kan murza gefen kunnen kare da yatsu, idan ya ɗaga ƙafar baya ya hau susa a iska, zargi ya ƙarfafa. Sukan kuma kankare fata kaɗan su duba a madubin likita, amma ƙwaron yana da wuyar kamawa, sau da yawa ba a ganinsa ko da yana nan. Don haka likita kan ba da maganin ƙazwa ya jira ya ga ko susar za ta lafa. Wata alama kuma tana jikin mutanen gida ne: yaran da ke ɗaukar ɗan kwikwiyon sai su fito da jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Ƙwaron ba ya daɗewa a fatar ɗan Adam, kuma ƙurajen sukan tafi idan an yi wa karen magani.

Akwai wani ƙwaron daban, Demodex, da 'yan kwikwiyo ke ɗauka daga uwarsu a kwanakin farko na shan nono. Shi zubar gashi yake kawowa a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ba kasafai yake ƙaiƙayi ba sai idan ƙwayoyin cuta sun shiga wurin. Ƙananan tabo yawanci kan warke da kansu cikin 'yan makonni. Makero ma yana yin tabo zagayayye, shi kuwa yana kama yara, a kiyaye.

Wani abin da masu karnuka a Afirka ta Yamma suka sani, littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, shi ne tsutsar ƙudan tumbu. Ƙudan kan saka ƙwansa a busasshen yashi mai inuwa da ke da warin fitsari ko kashi, daidai irin wurin da karya ke kwanciya da 'ya'yanta. Tsutsar ta shige fata, maruru ya fito da ɗan rami a tsakiya, ɗan kwikwiyo ya yi ta lasa yana kuka. Tana yin kwana 8 zuwa 12 a ciki kafin ta faɗo. Ana toshe ramin da man baselin don ta rasa iska, sannan a matso ta a hankali ba tare da an fasa ta ba. Rigakafinta share makwanci ne da canza yashin.

Hunturu ma yana da nasa rabon, musamman ga karen da ake yi wa wanka kullum da sabulun wanki. Fata ta bushe, ta yi amosani, susa ta biyo baya.

Sai an kawar da waɗannan duka ake zancen borin jini, kuma iri biyu ne manya. Na abinci yana iya farawa tun kare bai cika shekara ba, wani lokaci tare da zawo ko ciwon kunne mai dawowa. Wani nazari da Ralf Mueller da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya tattara rahotannin karnukan da aka tabbatar suna da shi, ya gano naman shanu ne ya fi jawo shi da kashi 34 cikin 100, sai madara 17, kaza 15, alkama 13. Gwajin jini ba abin dogaro ba ne a nan. Hanyar da ta tabbata ita ce a ɗora kare a kan nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba, tare da abinci mai sitaci iri ɗaya, na tsawon mako 8. Idan susa ta lafa, a maido masa da tsohon abincin. In ta dawo cikin mako biyu, an kama mai laifi. Wahalar wannan gwaji a gidan Bahaushe ba ɓoyayya ba ce: yaro ɗaya ya jefa masa ƙashin miya ko ragowar tuwo da nono, aikin makonni ya rushe. Kuma tunda ɗan kwikwiyo yana cikin girma, ƙashinsa na buƙatar sinadarai daidai gwargwado, likita ne ya kamata ya tsara abincin.

Na biyun shi ne na muhalli, wanda ƙurar ɗaki da ƙananan ƙwarin cikinta da ƙurar furanni ke tayarwa. A 2010 Claude Favrot na Jami'ar Zurich a Suwizalan da abokan aikinsa suka fitar da alamomin da likitoci ke amfani da su har yau. Daga ciki: ciwon ya fara kafin shekara 3, karen yawanci a cikin ɗaki yake zama, yana lasar tafin ƙafafunsa na gaba, fatar kunnensa ta yi ja, amma gefen kunne da gadon baya lafiya ƙalau. A lura da yadda wannan ya bambanta da na baya: gefen kunne na ƙazwa ne, gadon baya na ƙuma. Wannan nau'in ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi tsawon rayuwar kare.

Batun magani shi ne inda aka fi yin asara. Baƙin mai yana ƙona fata, kare ya lasa ya sha guba. Fiya-fiya da maganin feshin gona sun kashe 'yan kwikwiyo da dama. Allurar ivermectin ta shanu, wadda wasu ke yi wa kare da ƙiyasin ido, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. A 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington a Amurka suka gano wani lahani na gado da ke sa karnuka irin Collie ba sa jure ta. Dexamethasone da ake saya a kemis tana kwantar da susa nan take, amma tana raunana garkuwar jiki, ƙwaron Demodex da makero su samu sarari su bazu. Magungunan zamani ma suna da iyaka: NexGard sai ɗan kwikwiyo ya kai mako 8, Apoquel kuwa, da aka amince da shi a Amurka a 2013, ba a ba karen da bai cika wata 12 ba.

Wanda ya ɗauki dabba ya ajiye, amana ya ɗauka, kuma ƙwararru ba su yi nisa ba. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi. Mai sauraro da ɗan kwikwiyonsa ke susa ya riƙe amsar tambayoyi huɗu kafin ya tafi: watansa nawa, a ina yake susar, me yake ci, kuma akwai wani kare ko yaro a gidan da shi ma ke susa? In zai yiwu a tafi da uwar da sauran 'yan'uwansa, don a yi musu magani tare.