Injin da Ya Cije Bayan Dogon Zama: Yadda Ake Gano Matsalarsa

Inji kan cije ta hanya biyu. Akwai wanda ke cijewa yana cikin aiki saboda ƙarewar baƙin mai ko tsananin zafi, kuma gyaransa sai an sauke shi. Akwai kuma wanda aka kashe lafiya lau, aka ajiye watanni, ranar da aka zo tayarwa ya ƙi juyawa, kamar injin ban ruwa da ya kwana ɗaki duk damina ko motar da aka jingine. Wannan na biyu yawanci tsatsa ce ta kama shi, kuma ana iya ceto shi muddin ba a yi masa ƙarfa-ƙarfa ba.

Idan inji ya tsaya, man da ke jikin silinda kan tsiyaye ƙasa ya bar ƙarfe tsirara. Sau da yawa kuma wani bawul kan kasance a buɗe, sai iska mai danshi ta riƙa shiga. Tazarar da ke tsakanin fistin da bangon silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, don haka 'yar kaɗan ta isa ta manne zoben fistin da bango.

Bincike daga waje yake farawa. Batir da ya yi sanyi ko sitata da ta lalace kan sa a ji "ƙas" kawai, a ɗauka inji ne. Don haka sai a cire giya, a ɗora sifana a kan notin fuli na karanshaf, a gwada juyawa da hannu. Idan ya ƙi, a cire fambel a sake gwadawa, domin altaneta ko famfon ruwa da ya ƙage yana iya riƙe injin gaba ɗaya.

Daga nan sai a kwance fulogai duka. Idan ruwa ko fetur ya taru a silinda, fistin ba zai iya matse shi ba, kuma tilasta shi na lanƙwasa sandar fistin. Fulogi mai tsatsa yana nuna silindar da ruwa ya shiga. A duba baƙin mai ma: idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, wataƙila ta gaskit da ya ƙone.

Yadda injin ke amsa sifana ma bayani ne. Wanda ya juya kaɗan ya tsaya cak, ya kuma yarda ya koma baya, galibi bawul ne ya maƙale a buɗe, ko wani abu ya faɗa ciki. Wanda ko gezau bai yi ba, zobe ne, ko kuma metal na karanshaf.

Idan zoben ne, maganinsa haƙuri. A zuba man kwance tsatsa, ko man giyar otomatik, ko dizal ta ramukan fulogi, a bar shi ya jiƙa kwanaki, ana ɗan motsa karanshaf gaba da baya a hankali. Jan mota da igiya a saki kuloci, wanda wasu ke ganin dabara ce, hanya ce ta karya zobe da kankare silinda.

Bayan ya saki, a juya shi ba fulogi har man ya fita, a canja baƙin mai, a kuma canja tsohon fetur, sannan a auna matsin kowace silinda. Shuɗin hayaƙi a farkon tashi ba abin damuwa ba ne; idan ya ƙi ɗaukewa, tsatsa ta ci bango ko zobe ya maƙale a gurbinsa, sai an buɗe inji.