Yadda wani hoto a intanet ya kusa sa mai sabuwar motar tsere biyan dala 11,000 a Amurka

A watan Yulin 2022 injin wata sabuwar Toyota GR86 ya buga a Amurka, alhali motar ba ta kai tafiyar mil 14,000 ba. Garantin da Toyota ke bayarwa kan inji da giya a ƙasar shekara 5 ne ko mil 60,000, duk wanda ya fara cika. Saboda haka mai motar ya kai ta wurin dila yana sa ran a gyara masa kyauta.

Sai aka ce masa garanti ba zai biya ba. Kamar yadda ya bayyana daga baya, an nuna cewa an ga hotonsa a shafukan sada zumunta yana jan motar tana zamewa gefe a wani filin atisayen tuƙi, don haka shi ya wahalar da injin. Kuɗin gyaran da aka yanka masa ya kai kusan dala 11,000, fiye da kashi ɗaya bisa uku na farashin motar sabuwa.

Abin da ya tunzura masu irin motar shi ne, Toyota da kanta take tallata GR86 a matsayin motar wasa da gudu. Har ma duk wanda ya saye ta sabuwa a Amurka ana ba shi rajistar shekara guda kyauta a wata ƙungiyar masu tseren motoci, tare da damar yini guda na koyon tuƙi a filin tsere. To ta yaya za a gayyaci mutum fili, sannan a hukunta shi don ya je?

Abin da aka gani a ƙasan inji

GR86 aikin haɗin gwiwa ce tsakanin Toyota da Subaru, kuma Subaru ce ke haɗa ta a Japan tare da tagwaiyarta BRZ. Injinta mai lita 2.4 ne, silinda huɗu a kwance, biyu suna fuskantar biyu.

Wajen haɗa injin, ana amfani da wani gam na roba a wasu mahaɗai, ciki har da bakin kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasa. Idan gam ɗin ya yi yawa, rarar na tsattsafowa ta ciki, ta bushe, ta gutsure ta faɗa cikin mai. Daga nan famfon mai ya zuƙo ta har bakin bututun da ke ɗibar man, inda akwai rariya. Nan take maƙalewa.

Da aka kwance kaskon wannan motar daga baya, an samu guntayen gam a bakin bututun, kuma wasu masu GR86 da BRZ da suka buɗe nasu sun wallafa hotunan abu makamancin haka.

Duk bakaniken da ya saba da injin da ya buga ya san abin da ke biyo baya idan mai ya ragu. Tsakanin karanshaf da sandar fistin akwai siraran ƙarafa da makanikai ke kira metal. Ba a so ƙarfe ya taɓa ƙarfe a wurin, wani siririn shimfiɗin mai ne ke raba su. Da zarar ƙarfin man ya faɗi, ko da na ɗan lokaci ne injin na kan gudu, sai su gogu, su yi zafi, su cinye. Ƙarar ƙwanƙwasar da direba ke ji daga ƙasa alama ce cewa ɓarnar ta riga ta auku.

Sai dai samun gam a rariya bai isa hujjar cewa shi ya kashe injin ba. Akwai motoci da aka samu gam a cikinsu suna tafiya lafiya. Wasu masu motar da suka ɗaura na'urar auna ƙarfin mai kuma sun ce yana faɗuwa ne idan aka sha doguwar kwanar dama da gudu, lokacin da man ke tattaruwa gefe guda na injin. A 2024 wasu daga cikinsu suka maka kamfanonin biyu a kotu kan lalacewar injinan.

Yadda ake gane mai laifi

Inji yakan bar shaidar abin da ya kashe shi, muddin an duba kafin a zubar da komai. Ana fara duba yawan man da ya rage, domin wanda ya bar motarsa ba mai ba shi da bakin magana. Ana tace man a ga ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, a yanka filta a duba cikinta, a wasu lokutan a aika samfurin man ɗakin gwaji.

Sannan akwai kwamfutar motar. Direban da ke kan gudu ya yi kuskuren sauko da giya, misali daga ta biyar ya faɗa ta biyu, tayoyi za su tilasta wa injin juyawa fiye da ƙima. Irin wannan ɓarna ta fi bayyana a sama, inda bawul ke lanƙwashewa bayan ya yi karo da fistin, kuma a motoci da dama kwamfuta na ajiye bayanin. Yunwar mai kuwa a ƙasa take barin tabo: metal ya cinye, karanshaf ya sauya launi saboda zafi.

Hoto a Facebook ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Iyakarsa ya nuna cewa mutum ya je fili wata rana.

Bayan labarin ya bazu a jaridun motoci, a watan Agustan 2022 Toyota ta sauya shawara ta amince da gyaran a ƙarƙashin garanti. Ta kuma bayyana cewa halartar irin wannan atisayen koyon tuƙi kaɗai ba ya soke garanti, ko da yake har yanzu ba ta biyan ɓarnar da tsere ko mugun amfani ya jawo, kuma kowace mota za a duba lamarinta daban.

Dokar garanti ta Amurka, wato Magnuson-Moss ta 1975, ta hana kamfani tilasta wa mai kaya yin sabis a wurinsa kawai ko sayen kayan gyaransa kawai. Amma ba ta hana shi ƙin biyan ɓarnar mugun amfani ba. Shi ya sa rasit na kowane juyen mai, da rubutaccen dalilin ƙin biya daga dila, ke da nauyi idan magana ta kai gaba.

Ba kullum ake kaiwa ga wannan ja-in-ja ba. A 2014, bayan motoci biyu ƙirar 911 GT3 sun kama da wuta a Turai, Porsche ta ce wa masu su su daina tuƙawa, ta gano cewa wani kusa ne a sandar fistin ke kwancewa, sannan ta sauya injin dukan motoci 785 da aka riga aka fitar.

Ga mai sayen mota a Najeriya kuwa, lissafin daban ne. Yawancin irin waɗannan motoci ta hannun 'yan kasuwa suke shigowa daga Amurka, wasu ma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari, kuma garantin da aka bayar can galibi ba ya aiki a nan ko da wa'adinsa bai cika ba. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya sa a duba masa kafin ya biya: a haɗa kwamfuta a karanta tarihin injin, a tace man, idan mai mota ya yarda a kwance kasko a leƙa rariyar. Aikin 'yan sa'o'i ne a gareji, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon inji ba.