Daga "Bif" Zuwa "Miskol": Abin da Ƙarar Waya Ke Faɗa a Kasuwannin Omdurman

Kalmar "beep" ta Turanci kwaikwayon sauti ce kawai, wato 'yar gajeriyar ƙarar nan da agogon hannu ko na'urar asibiti ke yi. Da wayar salula ta shigo, sai ta sami sabuwar ma'ana: ka kira mutum, ta yi ƙara sau ɗaya, ka katse. A Maraɗi mukan ce "bif", a Jibiya "filashin", 'yan'uwanmu na Khartum da Omdurman kuwa "miskol" suke cewa.

A shekarar 2007, lokacin da kamfanin Mobitel ya koma Zain, kati na da tsada, don haka 'yan kasuwar Suk Libya suka mai da miskol harshe guda. Ƙara ɗaya, kaya sun iso. Biyu, kira ni. Yaron shago kan yi wa maigida, amma maigida ya yi wa yaronsa? Ai abin kunya ne.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma kan manhajar Bankak ta Bankin Khartum. Ƙarar da ake jira yanzu ta shigar kuɗi ce, wadda suke kira "ish'ar". Nan ne 'yan damfara suka sami ƙofa, suna nuna hoton shaidar biya ta bogi.

Mu ma mun san irinta a Illela da Ƙonni. Idan waya ta yi ƙara, a buɗe asusu a ga kuɗin da ido kafin a ɗaura wa mai saye buhu a mota.