FASHIN BAƘI: Yadda ake saita shokazobar ƙananan motocin tsere masu rimot a filin turɓaya

A gasar duniya ta ƙananan motocin da ake tuƙawa da rimot, zagayen ƙarshe na ajin 1:8 mai amfani da inji yakan ɗauki awa ɗaya cur. Cikin wannan awa, motoci goma ko fiye suna kewaya fili guda, tayoyinsu na tonon ƙasa a kowace kwana da gindin kowane tudu. Filin da aka fara tsere a kansa sumul yakan koma gargada da ramuka kafin a tashi. Direban da ya saita motarsa don filin minti na farko, zai ga tana tutsu a hannunsa a minti na arba'in.

Motocin da ake magana a kansu, waɗanda ake kira bagi, sun wuce kayan wasan yara. Ta ajin 1:8 tsawonta ya kai kusan rabin mita, doka ba ta yarda nauyinta ya gaza kilo 3.2 ba, injinta bai wuce cc 3.5 ba, tankinta kuma cc 125 ne, shi ya sa take tsayawa shan mai duk bayan minti bakwai zuwa goma. Tana wuce kilomita 60 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, tana kuma tashi sama ta yi tafiyar mitoci kafin ta dira. Hukumar IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ita ke shirya gasar duniya, kuma ta fara ta wannan aji a Grenoble ta ƙasar Faransa a 1986. Dokokin tseren sun haramta na'urorin lantarki masu gyara wa direba tuƙi ko masu sauya taurin shokazoba da kansu. Saboda haka duk abin da za a yi wa motar, da hannu ake yin sa a kan tebur, kafin a ɗora ta a fili.

Ayyuka biyu masu karo da juna

Kowace taya tana manne da hannu mai hawa da sauka, kuma shokazoba ɗaya ke riƙe da shi. A jikin shokazobar akwai sifirin da ke ɗauke da nauyin mota, a cikinta kuma akwai mai da fistin mai ƙananan huda. Sifirin shi kaɗai zai sa motar ta yi ta tsalle kamar ƙwallo. Man ne ke ladabtar da shi, domin duk lokacin da taya ta motsa, sai fistin ya tura man ta cikin hudar, wannan turjiya kuma ita ke cinye ƙarfin bugun. Duk wanda ya taɓa shiga tasi mai mataccen shokazoba a titin da ya farfashe ya san yadda abin yake idan man ya tsiyaye.

Ana neman abubuwa biyu daga wannan ƴar na'ura, kuma ba sa jituwa. A kan gargada ana so ta yi laushi, taya ta bi ƙasa sama da ƙasa ba tare da ta rabu da ita ba, tun da tayar da ke cikin iska ba ta jan mota, ba ta birki, ba ta jin sitiyari. A wajen dira daga tudu kuwa ana so ta yi tauri, don kada farantin ƙasan motar ya maku da ƙasa da ƙarfin da zai wurgar da ita gefe. Babu saitin da ke ba da duka biyun cif-cif. Aikin mai saiti shi ne ya duba fili ya ga inda zai fi asarar lokaci, ya sadaukar da ɗayan.

Mai da huda

A nan ne mafi yawan sababbin shiga ke ruɗewa. Man shokazobar na silikon ne, ana auna kaurinsa da ma'aunin cSt, kuma a bagi ta 1:8 galibi ana zuba tsakanin 400 da 600. Fistin kuwa yakan zo da huda biyar zuwa takwas, faɗin kowace bai wuce milimita 1.2 zuwa 1.5 ba. Idan mutum ya danna mota da hannu a kan tebur, zai ji fistin mai ƙananan huda da mai tsararo ya yi kama da fistin mai manyan huda da mai kakkaura. Sai ya ɗauka duk ɗaya ne. A fili kuwa bambancinsu kamar na dare da rana ne.

Dalilin shi ne saurin motsi. Idan fistin na tafiya a hankali, kamar lokacin da mota ke karkata a kwana ko take sunkuyawa wajen birki, man na ratsa hudar cikin natsuwa, kuma kaurinsa ne ke iko. Idan kuwa bugu ya zo farat ɗaya, kamar dira daga tudu, man ba ya samun isasshiyar hanya, sai ya cunkushe a bakin hudar, turjiyar ta ninka. A wannan hali girman hudar ne ke iko. Kamar taron jama'a ne a ƙofar filin ƙwallo: in ana fita ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ƙofa ba ta dami kowa ba, amma in aka taso gaba ɗaya, ƙofar ce za ta faɗi yawan wanda zai wuce.

Ke nan fili mai manyan tudun tsalle da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana son ƙananan huda da mai tsararo, don motar ta samu abin da zai tare ta in ta dira. Fili mai ƙananan ramuka masu kaifi a jere yana son akasin haka, manyan huda da mai mai ɗan kauri, domin kada shokazobar ta sandare a kan kowane rami ta cilla bayan motar sama. Wanda ya ga motarsa na buga ciki da ƙasa sai ya ƙara kaurin mai kawai, sau da yawa yakan ƙare da mota mai nauyin jiki a kwana, alhali bugun bai daina ba. Fistin ya kamata ya sauya.

Akwai kuma rana. Kamar yadda man shanu ke daskarewa da hunturu ya narke da bazara, haka man shokazoba ke sauyawa da yanayi, ko da yake an zaɓi silikon ne saboda sauyinsa bai kai na sauran ba. Motar da ta yi daidai da sanyin safiya za ta yi laushi da azahar. Shi ya sa gogaggun direbobi ke rubuta zafin ranar a takardar saitinsu, suna ƙara kaurin man da mataki ɗaya, misali cSt 50, in rana ta take.

Sifirin, tsayi da sandar hana karkata

Ƙa'idar sifirin mai sauƙi ce. Ƙasa mai santsi ko ƙura tana son mai laushi, domin nauyin mota ya zauna a kan taya ya danna ta. Ƙasa mai riƙo sosai tana son mai tauri, in ba haka ba motar za ta karkata har ta kife. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne zaton murɗa zoben da ke saman sifirin yana ƙara masa tauri. Zoben tsayin mota kawai yake sauyawa. Mai son tauri sai ya sa wani sifirin.

Tsayin farantin daga ƙasa a bagi ta 1:8 yakan kasance tsakanin milimita 24 da 29. Ana auna shi ne da cikakken tanki, bayan an ɗaga motar an sake ta ta zauna da kanta. Milimita ɗaya a nan ba ƙaramin abu ba ne. In aka sauke ta, za ta yi sauri a kwana amma cikinta zai riƙa gogar tudu. In aka ɗaga ta, za ta haye ramuka amma kifewa ta matso kusa.

Daga nan sai ƙaramin sukurun da ke iyakance nisan da taya za ta iya zurawa ƙasa idan motar ta tashi. A fili mai gargada ana sassauta shi, taya ta riƙa leƙawa cikin rami tana neman ƙasa. Ita kuwa sandar hana karkata, siririyar waya ce mai kaurin milimita biyu da ƴan kai da ke haɗa tayar hagu da ta dama. Kakkaura tana hana mota jirkicewa a kwana mai sauri, amma tana ɗaure tayoyin biyu wuri guda, ta yadda bugun da ɗaya ta sha sai ya shafi ɗayar. A farfasasshen fili ana komawa siririya.

Sauran saituna, irin su kwantar da kan taya ciki da digiri ɗaya zuwa biyu, ko matsar da shokazoba daga wannan rami na hasumiyarta zuwa wancan, gyare-gyare ne na ƙarshe. Kuma duk wannan bayan an dace da taya ne. Tayar da ba ta dace da ƙasar ba, babu man da zai cece ta.

Fili ba ya zama yadda aka same shi

Filin cikin ɗaki mai shimfiɗar kafet kusan yadda yake jiya haka yake yau. Lokacin da aka yi gasar duniya ta ajin 1:10 a Yatabe Arena ta Japan a 2015 a kan ciyawar roba, motoci sun koma gajeru masu tauri, har masu son turɓaya suka yi ta ƙorafin cewa an kauce wa asalin wasan. Filin waje ba haka yake ba. Da safe an yayyafa masa ruwa, ƙasa ta yi danshi tana riƙo. Zuwa hantsi ta bushe, ƙura ta rufe ta, motoci na zamewa. In tsere ya yi nisa, tayoyi sukan share layin da kowa ke bi har robar taya ta shafe shi ya yi baƙi, riƙo ya ƙaru a kansa, gefensa kuma ya zama kamar an zuba yashi. Daga baya ramuka su buɗe a inda ake taka birki.

Don haka ne ƙwararru ke kallon zagayen da ke gaban nasu, suna lura da inda ƙasa ta fara fashewa. Sukan yarda su rasa ɗan lokaci kaɗan a kowane zagaye don su samu motar da ba za ta kife ba, tun da kifewa ɗaya, kafin mai tsaron kwana ya rugo ya juya ta, tana cin daƙiƙoƙin da zagaye goma masu kyau ba za su biya ba.

Takardar zakara

Kamfanoni irin su Kyosho, Mugen Seiki, Xray da Team Associated suna wallafa takardun saitin direbobinsu kyauta a intanet, har da na zakaru irin Davide Ongaro na Italiya, wanda ya ci gasar duniya ta 1:8 a Perth ta Ostareliya a 2018, ya sake ci a Redován ta Sifen a 2022. Takardun na gaskiya ne kuma suna da amfani, amma ya kamata mai karanta su ya tuna wanda ya fitar da su. Sau da yawa a cikinsu akwai sunayen kayan ƙari, fistin na musamman ko sifirin na daban, waɗanda ba sa zuwa a cikin kwalin motar, sai an saya. Matashin da ya riga ya kashe ɗaruruwan daloli a kan gangar jikin mota kaɗai, ban da inji da rimot da tayoyi, yana iya ƙara wasu kuɗin don ya kwafi saitin da aka yi wa wata ƙasa, a wani yanayi, don yatsun da suka fi nasa sauri. Motar zakara takan kasance mai kaifin sitiyari, wadda ba ta yafe ƙaramin kuskure.

Hanyar da ta fi araha ita ce komawa ga saitin da ke cikin littafin motar, wanda kamfani ya tsara don ya yi aiki a yawancin filaye. Kafin a taɓa komai, a cire shokazoba a tabbatar kowane hannun taya yana faɗuwa da nauyin kansa ba tare da ya maƙale ba, shokazobar hagu da ta dama tsawonsu ɗaya, babu iskar da ta wuce kima a cikin mai, babu sandar da ta lanƙwashe. Da yawa daga abin da ake ɗora wa saiti, datti ne ko lanƙwasa. Bayan haka a sauya abu ɗaya tak, a yi tuƙin minti biyar, a rubuta lokacin kowane zagaye. Abin da ake dubawa shi ne matsakaicin lokacin zagayen gaba ɗaya da yawan kifewa, domin zagaye ɗaya mafi sauri yana iya zama sa'a. In lokacin bai ragu ba, a mayar da abin yadda yake kafin a gwada na gaba.